Jarumi, Hamada da Kogi a Finafinan Chadi

Kalmar jarumi tana cikin kalmomin Hausa da suka sauya gida a gaban idon masu magana da harshen. A bakin dattawa, jarumi shi ne wanda ya tsaya ranar da maza suka juya baya, kuma abokan tafiyar kalmar su ne sadauki da barde da gwarzo. Yau idan aka ce jarumi a Kano ko Maraɗi ko Injamena, abin da yake fara zuwa zuciyar matashi shi ne ɗan wasan fim, ko da kuwa rawar matsoraci ya taka. Ɗalibin Hausa zai rubuta wannan a ƙarƙashin babin faɗaɗar ma'ana ya wuce gaba. Sai dai sauyin ya bar tambaya a baya wadda ta fi ƙarfin ilimin ma'ana: wane irin namiji al'umma take ɗorawa a allon silima ta ce wannan shi ne hotonta, kuma a wane irin fili take tsayar da shi?

Ƙasar da manazarta fim suka fi yawan buga misali da ita a kan wannan tambaya ita ce Ostareliya. Mafi yawan mutanenta a biranen bakin teku suke zaune, amma da gwamnati ta fara zuba kuɗi a harkar fim daga shekarar 1970, sai masu shiryawa suka juya kyamara zuwa busasshen tsakiyar ƙasar, suka tsayar da farin namiji mai taurin kai da ƙarancin magana a cikinsa. A fim ɗin Gallipoli na 1981, samari biyu sun ratsa busasshen tafkin gishiri a ƙafa domin su shiga soja, ɗayansu ya mutu a yaƙin 1915 yana gudu cikin ruwan harsashi. A Crocodile Dundee na 1986, mafarauci ne ɗan daji da ya je birnin New York ya nuna wa 'yan birni mazantaka. Dajin nan ana nuna shi kamar fili ne da ba kowa, alhali asalin mazauna ƙasar sun yi dubban shekaru a cikinsa, kuma sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe hujjar cewa Turawa sun tarar da ƙasa marar mai ita. Lissafin dai a fili yake: daji yana gwada namiji, namiji ya ci jarrabawa ko ya mutu da daraja, ƙasa ta ce ga ɗanta.

Chadi tana da duk kayan da ake bukata domin a yi irin wannan lissafi, har ma da ƙari. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,284,000, arewacinta hamada ce da duwatsun Tibesti da Ennedi, kuma sunan da duniya ta fi saninta da shi na mayaƙa ne. A 1987 sojojinta a kan ƙananan motocin Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a cikin Sahara. Shugaba Idriss Déby, wanda ya karɓi mulki da bindiga a Disambar 1990, an naɗa shi marshal a 2020, kuma a Afrilun 2021 aka sanar da rasuwarsa sakamakon raunin da ya samu a fagen daga. Shi kansa birnin Injamena daga yaƙi ya tsiro: an kafa shi a 1900 bayan gwabzawar Kusiri, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu rana ɗaya, aka sa masa suna Fort-Lamy, sunan da ya ɗauka har 1973. Yaron da ya tashi a Bololo, ɗaya daga tsofaffin unguwannin tsakiyar birnin, bai bukatar fim ya nuna masa mutum mai rawani da bindiga a bayan buɗaɗɗiyar mota. Ya gan shi a titi. Iyayensa sun gan shi a yaƙin 1979 da na 1980, yayyensa sun gan shi a Afrilun 2006 da Fabrairun 2008.

Abin lura shi ne masu shirya fim na Chadi sun ƙi wannan hoto, kuma da gangan suka ƙi shi. Babbansu, Mahamat-Saleh Haroun, an haife shi a Abeshe a 1961. Harsashi ya same shi yana saurayi a yaƙin basasar Injamena, aka tura shi a baro zuwa bakin kogi aka tsallaka da shi Kamaru, daga can ya wuce Faransa a 1982. Wanda ya bar ƙasarsa a cikin baro da wuya ya yarda da labarin namijin da ƙasa take tsayawa a kan kafaɗarsa. Fim ɗinsa na farko mai tsawo, Bye Bye Africa na 1999, wanda ake lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da ɗan Chadi ya shirya, yawo ne a cikin kangayen gidajen siliman birnin, ciki har da Normandie da ke kan titin Charles de Gaulle, ba nisa da Bololo. A cikinsa Haroun ya fito a matsayin kansa, ɗan da ya dawo gida bayan an riga an binne mahaifiyarsa, kuma mutumin da ya yi watsi da wata 'yar wasa da fim ɗinsa ya jawo wa ƙyamar jama'a. Tun daga matakin farko, namijin da ya sa a gaban kyamara mai makara ne, mai bashi a wuyansa.

Abouna na 2002 da hamada ya buɗe. Wani mutum yana tafiya a kan tudun rairayi, ya waiwayo ya dubi kyamara, ya wuce ya ɓace. Da fim ɗin Ostareliya ne, da nan labarin bajintarsa zai fara. A nan kuwa wannan ne ƙarshen ganinsa a matsayin mai rai da jiki, domin shi ne uban da ya sulale ya bar 'ya'yansa biyu, Tahir da Amine, suna jiransa ya zo ya yi musu alƙalancin wasan ƙwallo. Sun neme shi a wurin aikinsa aka ce ya daɗe da barin aikin, sun neme shi a gadar da ta haɗa birnin da Kamaru, daga baya suka ga wani mai kama da shi a allon silima, suka sace faifan fim ɗin suna warware shi suna neman fuskarsa hoto bayan hoto. Akwai wani ɗan wuri da zai ja hankalin ɗalibin harshe. Uwar ta siffanta mijinta da wata kalmar Faransanci mai nufin wanda ba ya ɗaukar nauyin da ke kansa, yaran ba su gane ta ba, sai suka koma neman ma'anarta. Hukuncin da aka yanke wa uban ya zo a harshen da ba na cikin gida ba. Sunan fim ɗin kuwa Larabcin Chadi ne, abuna, wato babanmu, kuma mai kallo ba ya bukatar a gaya masa cewa ƙasa ma takan zama uban da ya fita da asuba bai sallami kowa ba.

Daratt na 2006 shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Labarin gajere ne. Rediyo ya sanar da cewa hukumar binciken laifuffukan yaƙi ta yi wa kowa afuwa. Wani makahon tsoho ya ɗauko bindigar ɗansa da aka kashe ya miƙa wa jikansa Atim, ɗan shekara 16, ya ce ya tafi Injamena ya kashe wanda ya kashe ubansa. Sunan yaron kansa daga kalmar Larabci yatim yake, wato maraya, domin tun yana ciki aka kashe uban. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma gadon Atim bindiga ce da sunan mutum ɗaya.

Mutumin shi ne Nassara. Kunnen Bahaushe zai ji sunan ta fuska biyu, Nasara na Bature da nasara ta cin galaba, waɗanda karin sauti da tsawon wasali suke rarrabewa, ko da yake shi mutumin masallaci ne, kuma ba wata galaba a tare da shi. Atim ya zo yana tsammanin dodo, sai ya tarar da mai gidan burodi, tsoho mai ciwon baya, wanda aka taɓa yanka a maƙogwaro lokacin yaƙi har ba ya iya magana sai ya ɗora wata 'yar na'ura a wuyansa, murya ta fito kamar ta ƙarfe. Kullum yakan fito ƙofar gida ya raba wa yara burodi sadaka. Atim ya karɓi nasa, ya gutsura, ya tofar a gabansa. Maimakon faɗa, sai Nassara ya ɗauke shi aiki. Daga nan rabin fim ɗin a cikin ɗakin gashi yake: hannu cikin kwaɓin fulawa, zufa, zafin tanda, maza biyu tsirara daga ƙugu zuwa sama suna kewaya juna kamar zakaru, bindiga a aljihun ɗaya. Youssouf Djaoro, wanda ya fito a Nassara, da kafaɗa da numfashi yake yin wasan, tunda an ƙwace masa murya. Wannan zaɓi na mai shiryawa yana da nauyi a al'adar da namiji yake tabbatar da kansa da kirari da tsawa. Makashin ba ya iya ɗaga murya, kakan ba ya gani, uban ya mutu. Duk mazan da suka yi yaƙin da ya zama tarihin ƙasar, kowanne ya rasa wata gaɓa, kuma dukansu hannun yaro ɗaya suke nema, ɗaya domin ya harba, ɗaya domin ya murza ƙullu. Da matar Nassara, Aisha, ta rasa cikin da take ɗauke da shi, sai ya nemi Atim ya zama ɗansa, ya ce a kai shi wurin danginsa ya roƙi izini.

A nan ne hamada ta shigo, a ƙarshe, bayan an sha zaman lungu da ɗaki. Atim ya kai shi gaban kakansa a cikin rairayi, inda babu gida babu shaida. Tsohon ya sa aka tuɓe Nassara aka wulaƙanta shi, ya ba da umarnin harbi. Atim ya harba, amma ba a jikinsa ba. Makahon ya ji ƙara ya gamsu an ɗauki fansa, yaron ya kama hannunsa suka tafi, aka bar Nassara kwance a ƙasa da ransa. Wasu masu sharhi sun karanta wannan a matsayin yafiya, kuma tun da an shirya fim ɗin ne cikin jerin ayyukan da birnin Biyana ya ɗauki nauyi domin cikar Mozart shekara 250 da haihuwa, inda jigon sulhu yake kan gaba, karatun yana da madogara. Amma kalmar yafiya ta yi wa abin da ya faru yawa. Atim bai ce ya yafe ba, bai kuma karɓi tayin zama ɗa ba. Abin da ya yi shi ne ya yaudari kakansa. Ya gane cewa tsohon sautin fansa yake bukata, shi kuma ba ya son ya zama Nassara na gaba, sai ya ba kowa rabonsa. Hamadar da a wani wuri take zama filin jarrabawar mazantaka, a nan ta zama wuri ɗaya tak da yaro zai iya faɗuwa jarrabawar da gangan ba wanda ya gani. Ana cikin ɗaukar wannan fim ne 'yan tawaye suka shiga Injamena a Afrilun 2006, kuma a shekarar ya ci kyautar musamman ta alƙalai a bikin finafinai na Benis.

Sunan fim ɗin ma abin nazari ne. An fassara shi zuwa Faransanci da Ingilishi da ma'anar rani. Amma a lissafin lokutan shekara na Larabcin Chadi da Sudan, darat shi ne lokacin da ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya nuna, aka shiga girbi, wato abin da Hausa take kira kaka, tsakanin damina da hunturu. Harsunan Turai da suke raba shekarar Sahel gida biyu kawai, lokacin ruwa da lokacin rashinsa, ba su da gurbin wannan kalma. Hausa tana da shi. Wanda ya ji sunan a matsayin kaka zai kalli fim ɗin da wani ido dabam: yaƙi ya ɗauke kamar yadda ruwa yake ɗaukewa, yanzu lokacin girbin abin da aka shuka ne, kuma ba mamaki hatsi da burodi su ne suka cika allon.

Idan hamada ce ta rufe Daratt, ruwa ne ya mamaye fim ɗin 2010, Un homme qui crie, wato mutum mai kururuwa, sunan da aka ɗauko daga waƙen Aimé Césaire. Adam tsohon zakaran ninkaya ne, kowa yana kiransa da laƙabin zakara, kuma shi ne mai kula da wurin ninkaya na wani babban otal a Injamena, ɗansa Abdel yana taya shi. Fim ɗin ya fara da su biyu suna gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, ɗan ya ci. Sababbin masu otal ɗin, 'yan Sin, suka rage ma'aikata, suka bar wa Abdel ruwan, suka mayar da Adam maigadi mai ɗaga sandar ƙofa, cikin kakin da hannunsa bai kai masa wuyan hannu ba. A gefe guda mai unguwa yana matsa masa ya biya gudummawar yaƙi, yana kuma nuna masa cewa wanda ba shi da kuɗi yana iya ba da ɗa. Ranar da sojoji suka zo suka ja Abdel daga tsakar gida yana kiran babansa, Adam yana cikin ɗaki yana leƙe. Bayan haka ya koma bakin ruwansa.

Da wuya a sami fim ɗin Afirka da ya faɗi wannan magana ƙarara haka: yaƙin da ake kira kare ƙasa, a ƙasan tukunya, dattawa ne suke biyan kuɗin kujerunsu da 'ya'yansu. Kuma bai faɗe ta a kan janar ko minista ba, a kan talaka mai kirki ya faɗe ta, mutumin da aka gani yana cin kankana da matarsa cikin raha. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma karin maganar bai faɗi abin da barewa take ji ba ranar da ɗan ya wuce ta. Abin da Adam yake karewa matsayi ne, laƙabi da farin wando da ɗan kwamin ruwa mai shuɗi a ƙasar da ba ta da teku. Ga mutumin Injamena kuwa, wurin ninkaya ba kalma ce mai sauƙi ba. Kurkukun da ya fi kowanne mugun suna a zamanin Hissène Habré, wanda ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, tsohon wurin ninkayar Turawan mulkin mallaka ne da aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki, kuma da sunan wurin ninkayar aka ci gaba da kiransa. Fim ɗin bai ambaci wannan ba, amma mai kallon da ya san birnin yana iya jin sa a ƙarƙashin ruwan.

Da nadama ta ci Adam, sai ya hau babur ɗinsa mai akwatin fasinja a gefe ya nufi Abeshe, tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa gabas. Ga namiji shi kaɗai a kan hanya cikin faƙo da ƙura, hoton da Amurka da Ostareliya suka gina masana'antu a kansa. Sai dai wannan mahayin tabaron ninkaya ne a idonsa saboda ƙura, abin da ya mayar da shi abin tausayi da ɗan abin dariya, kuma abin da ya je ɗaukowa ɗa ne da yaƙi ya riga ya lalata. Abdel ya cika a hanya. Burinsa na ƙarshe shi ne ya shiga kogi, sai uban ya sa gawar a ruwa ya sake ta. Kogi a finafinan Haroun kusan kullum iyaka ne da hanyar fita, kamar yadda Shari da Logon suke ga mutanen birnin, waɗanda dubbansu suka tsallaka zuwa Kusiri a Fabrairun 2008. Fim ɗin ya ci kyautar alƙalai a bikin Kan na 2010, kuma bayan wannan nasara ce gwamnati ta kammala gyaran silimar Normandie aka sake buɗe ta a 2011, ƙarƙashin kulawar Issa Serge Coelo.

Shi Coelo ya riga ya bi ta wata hanyar a Daresalam na 2000, inda abokai biyu 'yan ƙauye, Koni da Djimi, suka shiga tawaye bayan zaluncin masu karɓar haraji, labarin da yake tuna boren Mangalme na 1965. Tawayen ya rabe, abokan suka rabu, ɗaya ya bi masu mulki, ɗaya ya koma gida da raunin ƙafa. Grigris na 2013 kuwa ya ɗauko ɗan rawa mai shanyayyiyar ƙafa, ya jefa shi cikin fasa-ƙwaurin fetur a kogi domin ya biya kuɗin asibitin mijin mahaifiyarsa. Rawar Souleymane Démé abin kallo ce, amma labarin bai kai ƙarfin na baya ba, kuma ƙarshensa, inda matan ƙauye suka taru da sanduna suka kashe ɗan daban da ya biyo shi, ya zo da sauƙin da bai dace da wuyar da aka sha ba. A 2016, shekarar da kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, Haroun ya fito da fim na gaskiya a kan waɗanda suka tsira daga kurkukunsa, Clément Abaïfouta yana yi musu tambayoyi, shi da aka tilasta wa haƙa kaburburan 'yan uwansa fursunoni. Bayan an ga waɗannan mutane da sandunansu da tabonsu, sai a fahimci cewa makaho da gurgu da marar murya na finafinan baya ba ƙirƙirar alama ba ce kawai. Haka mazan wancan zamani suka fito.

Ɗalibin Hausa yana da abin kwatantawa a gida. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, Sahara hanyar bayi ce, kuma wadda ta ratsa ta da ƙarfin zuciya uwa ce mai neman ɗanta. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, inda saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Tun a lokacin an gane cewa namijin daji na silima riga ce ta aro. Finafinan Kano da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 sun bi wata hanya dabam, suka mayar da jarumi falo da cikin mota da lambun rawa, inda gwajinsa yake zama na soyayya da dukiya da biyayyar iyaye. Wannan ma yana da dangantaka da mizanin mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattauna a 1974, inda haƙuri da kunya da amana suke gaba, ƙarfin damtse yana can baya. Namiji barkono ne, in ji masu iya magana, sai an tauna ake sanin yajinsa, kuma tauna a nan zaman tare ne.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Finafinan da duniya take kira siliman Chadi mafi yawan kuɗinsu daga Turai yake, kuma a Kan da Benis da Wagadugu suka fi samun masu kallo. Matashin Bololo ya fi sanin jaruman Indiya da na Kano, da a gidajen bidiyo, yanzu a wayarsa. Haroun kansa ya riƙe kujerar ministan al'adu daga 2017 zuwa 2018 a gwamnatin Déby, abin da wasu ba su yafe masa ba. Sannan ƙasa ce mai harsuna fiye da 100, amma Larabcin Chadi da Faransanci ne suka cika bakin 'yan wasansa, kuma kudancin ƙasar mai dausayi da gonakin auduga ba ya samun rabon da arewa da babban birni suke samu. Hausawan Chadi, waɗanda yawancinsu zuriyar fatake ne da maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka ta ƙasa, kamar yadda John Works ya nuna a littafinsa na 1976, ba su da gurbi na musamman a wannan hoto, duk da cewa iyalin harsunan da Hausa take ciki daga tafkin Chadi ya samo sunansa. Ƙorafin gaskiya ne. Abin da bai rushe ba shi ne cewa a ƙasar da kakin soja ya daɗe yana zama gajeriyar hanyar zama wani, an samu mutanen da suka kashe shekara fiye da 20 suna nuna abin da kakin yake bari a cikin gida.

A Lingui na 2021 Haroun ya ajiye mazan a gefe. Amina, wadda ta haifi 'yarta ba aure, tana farke tsofaffin tayoyi tana zare wayar ciki tana saƙa murhun gawayi ta kai talla, aikin ƙarfi da zufa da a finafinan baya na maza ne. 'Yarta Maria, mai shekara 15, ta yi ciki, kuma wanda ya yi mata fyaɗe maƙwabci ne dattijo mai fara'a da yake neman auren uwar. Babu hamada a nan. Filin ya tsuke ya koma lungunan bayan gari masu katangar ƙasa, waɗanda uwa da 'ya suke ɓata a cikinsu suna neman mafita. Ita kuma ƙanwar Amina mijinta ya dage sai an yi wa ƙaramar 'yarsu kaciya, batun da Zara Mahamat Yacoub ta taɓo tun 1994 har ta sha barazana a kansa. Matan suka nemo wadda za ta yi kamar ta yi, ba ta taɓa yarinyar ba. Aka yi biki, aka yi guɗa, uban ya gamsu, kamar yadda makahon Daratt ya gamsu da ƙarar bindiga.